Ayia Napa ta tsibirin Kubrus: ina masuntan suka tafi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida zai samu hutu a Oktoba, yara ma makaranta za ta sallame su na mako guda, shi ne muke tunanin tashi daga Manchesta mu je Kubrus. Kamfanonin tafiye-tafiye na nan duk Ayia Napa suke tallatawa, ga farin yashi ga ruwa garai-garai. Amma da na ambata wa wata maƙwabciyata Baturiya sai ta yamutsa fuska, ta ce can garin samari ne da kiɗan dare. A takardar tallan kuma an rubuta wai ƙauyen masunta ne. Akwai na can a cikinmu ya faɗa mana gaskiya?

Baƙon Paralimni: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni a Paralimni nake zaune, garin da ke maƙwabtaka da ita, kuma a kicin ɗin wani otal na Ayia Napa nake aiki idan lokacin baƙi ya kama. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Kewayen dandalin tsakiyar gari, daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, ba wurin kai yara ba ne da dare. Gidajen rawa ne da mashaya a jere, kiɗa har asuba. Tun ƙarshen shekarun 1990 samarin Ingila suka mayar da wurin nasu. Amma a Oktoba abin ya lafa, zafin rana ya sauka, teku kuma bai yi sanyi ba tukuna. Ku nemi masauki ta wajen Protaras ko gefen Makronissos, ku riƙa shiga gari da rana. Tashar masunta tana nan har yanzu, 'yar ƙarama, za ki ga kwale-kwalensu. Sai dai jiragen da suka fi cika ta yau na yawo da baƙi ne, masu kai mutane kallon kogunan dutse na bakin teku ta wajen Cape Greco.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri ƙanena. Abinci fa, da masallaci?

Baƙon Paralimni: Ki kula da tsiren da suke gasawa, yawanci alade ne, sai kin tambaya. Kifi da cukunsu halumi da ake gasawa ba matsala. Juma'a Larnaka muke zuwa, tafiyar kusan minti 45 a mota, can ne ma filin jirgin da za ku sauka. Akwai gidajen abincin Larabawa masu yankan halal a Larnaka.

Ɗalibin Famagusta: Anti, tsibirin a rabe yake gida biyu, arewa ta Turkawa, kudu ta Girkawa inda Ayia Napa take. Ni a ɓangaren arewa nake karatu. Tsakanina da Ayia Napa bai kai tafiyar rabin awa ba, amma ba ni da ikon zuwa, domin da fasfon Najeriya na shigo ta Turkiyya na sauka a filin jirgin Ercan, gwamnatin kudu kuwa tana ɗaukar wannan a matsayin shiga ta ɓarauniyar hanya. Abin da nake so a sani shi ne, masuntan Ayia Napa ba su zauna sun yanke shawarar komawa harkar otal ba. Yaƙi ne ya kawo musu ita har gida.

Kafin 1974, wurin hutun Kubrus shi ne Varosha, wata unguwa ta bakin teku a nan Famagusta. Dogayen otal-otal ne a jere kan yashi, taurarin fina-finan Turai da Amurka suna zuwa. Ayia Napa a lokacin ƙauye ne a kudu da ita, manoma da masunta kewaye da wani tsohon gidan 'yan zuhudu na Kirista. Ranar 15 ga Yuli 1974 aka yi juyin mulki da goyon bayan gwamnatin sojan Girka, ranar 20 ga wata sojan Turkiyya suka sauka a tsibirin, a watan Agusta suka iso Famagusta. Mutanen Varosha suka gudu da kayan jikinsu suna zaton kwana biyu za su yi su dawo. Aka kewaye unguwar da waya, ta zauna a rufe har Oktoban 2020 da aka buɗe wani sashe don masu kallo. Na shiga. Otal-otal ɗin suna tsaye babu tagogi, itatuwa sun tsiro a cikin falo. Kudu ta wayi gari ta rasa manyan otal ɗinta, ta rasa babbar tashar jiragen ruwanta, filin jirgin Nikosiya ma ya mutu, sai a 1975 aka buɗe na Larnaka cikin gaggawa. Da aka duba ina ne ya rage mai yashi irin na Varosha, sai ido ya faɗa kan Ayia Napa da Protaras.

Hajiya Turai: To ai alheri ne ya same su ɗana. Ni sana'ata ke nan, shirya wa mutane tafiya daga Kano, kuma ina jin haushin yadda ake son a riƙa yi wa talauci ado. Wa ya ce mutanen nan suna jin daɗin zaman da? Kubrus a zamanin mulkin Ingila ƙasar ci-rani ce, samarinta Landan suke guduwa su yi aikin ɗinki da wankin kwanuka. Yau ɓangaren kudu mutanensa ba su kai miliyan 1 ba, amma a 2024 baƙi sama da miliyan 4 suka shiga. Jikan masunci ya zama mai otal, 'yarsa ta yi jami'a. Idan kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi. Ni ban ga abin kuka a nan ba.

Baban Yawuri: Hajiya, ban ƙi taki ba, amma ina da tambaya. Ni ɗan Sarkawa ne, a ruwa na buɗe ido. Jikan masunci da kika ce ya zama mai otal, da kuɗin kifi ya gina ko da kuɗin fili? Domin wanda ke da jirgi da ragar kalli kawai, ba shi da gona a bakin ruwa, ban ga ta inda wannan arzikin zai biyo ta ƙofarsa ba. Mu mun gani da aka tare ruwa a Kainji a 1968. An samu wuta, an samu sababbin garuruwa, amma ba kowa ne ya tashi da abin da ya kwanta da shi ba. Yaron da ke can, ka ba ni amsa.

Baƙon Paralimni: Baba, ka taɓo wurin. Fili ne. Tsofaffin nan da nake zama da su a gidan shan gahawa suna faɗa cewa a da filin bakin teku shi ne mafi arha, yashi ne da duwatsu da iska mai gishiri, ba ya noma. Mai daraja shi ne jar ƙasar da ke ciki. Wanda rabon gado ya jefa shi bakin teku ana tausaya masa. Bayan 1974 sai lissafi ya juye. Wasu suka sayar da wuri a kuɗi kaɗan suna murna, wasu suka riƙe suka ci bashin banki suka gina ɗakunan haya da gidan abinci, wasu kuma 'yan gudun hijirar Famagusta ne da suka riga suka san sana'ar otal suka zo suka sake farawa. Gaskiyar Hajiya ita ce da yawa daga cikin masu wuraren 'yan yankin ne, ba baƙi daga waje ba. Gaskiyarka kuma ita ce wanda ba shi da fili ya koma ma'aikaci: direban jirgin yawo, mai raba abinci, mai gadin bakin ruwa.

Hajiya Turai: Direban jirgin yawo ai ya fi masunci samu. A rana ɗaya ta Agusta zai haɗa abin da kifi ba zai ba shi a mako ba.

Baban Yawuri: A Agusta. Janairu fa?

Baƙon Paralimni: Janairu gari a mace yake Baba. Daga Nuwamba yawancin otal suke rufewa sai ƙarshen Maris ko Afrilu. Titin da ba ka iya wucewa don cunkoso sai ka ga kyanwoyi kawai. A ƙidayar 2011 mazauna Ayia Napa dubu 3 ne da 'yan kai, gadajen otal kuwa sun ninka su sau da yawa. An gina gari ne don mutanen da ba sa nan rabin shekara.

Injiniya Damagaram: Ku ba ni dama in sa baki, domin akwai abin da ba a faɗa a takardun talla. Wannan ruwan garai-garai da Hajiya Maman Ilham ta gani a hoto, wanda kana tsaye a jirgi kana hango yashin ƙasa, shi ne shaidar cewa tekun ba shi da abinci. Ruwan da ke da kifi da yawa yakan yi kore ko duhu-duhu, saboda ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ƙananan kifi ke ci, manya su ci ƙanana. Gabashin Bahar Rum yana cikin tekunan da suka fi talaucin wannan abincin a duniya. Manyan kogunan da ke zuba a cikinsa kaɗan ne, Kubrus kanta rafukanta ƙafewa suke yi da rani. Babban mai ciyar da wannan kusurwa shi ne ambaliyar kogin Nilu da ke kawo laka duk shekara, ita ma madatsar Aswan da aka kammala a 1970 ta tsayar da ita, har kamun kifin sadin a gaɓar Masar ya faɗi warwas a wancan lokacin. Saboda haka masuncin Ayia Napa tun asali ba mai wadata ba ne. Su ya haɗa da noma yake rayuwa. Abin da ya hana shi kifi shi ne abin da Bature yake biyan kuɗin jirgi ya zo ya gani.

Baban Yawuri: Ikon Allah. Wannan mu ma mun sani a namu ruwan, inda ya yi fari tas ba a ɓata lokacin jefa birgi. To kifin da baƙi miliyan 4 suke ci daga ina yake fitowa?

Baƙon Paralimni: Ni ne mai buɗe kwalayen, don haka zan faɗa. Wani na kiwo ne, daga kejin da aka kafa a cikin teku, akasari ta gabashin Limasol. Wani kuma daskararre ne daga waje. Na masuntan gari ɗan kaɗan ne, mai tsada, gidajen abinci na bakin tasha suke saye. Baƙo zai zauna yana kallon kwale-kwale yana cin kifi, ya ɗauka daga cikinsa aka sauke.

Kuma akwai bala'in da ya fi baƙi damun masuntan, Baba, wanda kai za ka fi kowa ganewa. Wani irin talibambam ne na teku, dogo, mai azurfa a gefe. Daga Bahar Maliya ya biyo mashigin Suwez ya shigo, a farkon shekarun 2000 aka fara ganinsa, yanzu ya cika ko'ina. Haƙoransa huɗu ne masu ƙarfi, yana datse igiyar mamari da ƙugiya, ya yaga raga ya cinye kifin da ya kamu. Shi kuma ba a cinsa, dafinsa yana kisa, an ma haramta sayar da shi. Mutum zai kwana a ruwa ya jawo raga ya tarar da ramuka da kawunan kifi. Gwamnati da tallafin Tarayyar Turai tana biyan masunta kuɗi a kan kowane kilo da suka kawo, a kai a ƙone. Na ga dattijo da idona yana auna buhunan kifin da za a ƙone, wai shi ne cinikin ranar.

Baban Yawuri: Inna lillahi. Masunci ya fita kamun abin da za a ƙone. Ɗinkin raga ɗaya kwana nawa yake ci, su waɗanda ba su taɓa riƙe allurar ba ba za su sani ba. Wallahi wannan ya taɓa ni.

Injiniya Damagaram: Shi ma yana da alaƙa da abin da na faɗa. An buɗe Suwez tun 1869, amma da akwai shinge biyu: tafkunan tsakiyar mashigin masu tsananin gishiri, da ruwan daɗin Nilu da ke malala a bakinsa na arewa. Gishirin ya ragu da shekaru, Aswan ta ɗauke ruwan daɗin, an ƙara faɗaɗa mashigin a 2015, teku kuma yana ƙara ɗumi. Hanya ta buɗe. Akwai wani kifin ma mai ƙayoyi masu dafi kamar gezar zaki da ya biyo baya, shi dai ana cinsa idan an yanke ƙayoyin, har ana roƙon gidajen abinci su sa shi a jerin abincinsu.

Hajiya Turai: To kun gani? Kun dawo kan maganata. Da babu baƙin nan da me mutanen za su ci? Tekun ba kifi, ɗan abin da ke ciki talibambam ya cinye. Otal ne ya cece su.

Ɗalibin Famagusta: Hajiya, ya cece su, amma ya ɗaure su a igiya ɗaya. A 2019 baƙi kusan miliyan 4 suka zo, a 2020 da annobar korona ba su kai dubu 700 ba. Ana farfaɗowa sai yaƙin Yukren a 2022. Rashawa su ne na biyu bayan 'yan Ingila, kuma Ayia Napa suka fi so, aka rufe musu sararin samaniya, kasuwar ta ɓace a mako guda. 'Yan Isra'ila da 'yan Poland suka cike wani gurbi, su ma na farkon duk ranar da rikici ya tashi a yankinsu jirage tsayawa suke yi. Garin da yaƙi ya gina, kowane yaƙi na duniya yana girgiza shi.

Baƙon Paralimni: Tunda ka sake ambatar yaƙi ɗan uwa, akwai abin da ka sassauta a bayaninka na farko. Ka ce sojan Turkiyya "suka sauka". A nan kudu mamaya suke kiranta. Girkawan Kubrus sama da dubu 160 aka raba da gidajensu. Matar da nake aiki tare da ita tana hawa wani bene a Deryneia, garin da ke dab da Varosha, ta hango rufin gidan mahaifinta da tabarau mai jawo nesa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tun 1984 kada a zaunar da kowa a Varosha sai masu ita, har yau ba su koma ba.

Ɗalibin Famagusta: Ban musa ko ɗaya ba. Amma kai ma ka ji na wannan ɓangaren. Rikicin bai fara a 1974 ba. Tun Disambar 1963 aka fara kashe-kashe tsakanin al'ummomin biyu, Turkawan Kubrus suka yi shekaru a killace cikin unguwanni, shi ya sa sojan Majalisar Ɗinkin Duniya suke tsibirin tun 1964. Masu juyin mulkin 1974 so suke su haɗe Kubrus da Girka. Turkawa dubun-dubata su ma sun baro gidajensu a Larnaka da Limasol da Pafos. A 2004 da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan shirin Kofi Annan na haɗe tsibirin, kusan kashi 65 na Turkawa suka ce e, kusan kashi 76 na Girkawa suka ce a'a, kuma bayan mako guda kudu ta shiga Tarayyar Turai. Mai gidan da nake haya ba ya mance wannan.

Baƙon Paralimni: Sun ce a'a ne saboda shirin ya bar sojan Turkiyya a tsibirin, kuma ba kowa zai koma gidansa ba.

Shugaban Zaure: Samari, kowannenku ya faɗi abin da masu masaukinsa suka faɗa masa, kuma duka akwai hawaye a ciki. A bar shi haka, a koma kan garin.

Malam Na-Zazzau: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Abu biyu nake da su. Na farko ga Hajiya mai tambaya. Idan Allah ya kai ku, kada ku wuce Larnaka ba ku tsaya a masallacin Hala Sultan ba, yana bakin tafkin gishiri dab da filin jirgi. A nan ake cewa kabarin Ummu Haram bintu Milhan yake, matar Ubadatu ɗan Samit, Allah ya ƙara musu yarda. Hadisinta yana cikin Bukhari da Muslim: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wasu daga al'ummarsa da za su hau teku saboda Allah, ta roƙi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, ya yi. A zamanin halifancin Usmanu, Mu'awiya yana gwamnan Sham, aka yi fitar farko ta teku zuwa Kubrus, ta bi mijinta, bayan an sauka ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Ginin da ke wurin yanzu na zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa ne. Ku kai yara su ji wannan tarihin, ku yi mata addu'a.

Na biyu ga Hajiya Turai. Ana auna gari da kuɗin da ya shigo, haka ne, amma a auna shi kuma da abin da yaransa suka taso suna gani. Mutanen nan Kiristoci ne masu riƙo da cocinsu, ƙauyawa masu kunya. Ba na jin akwai kakar da ta so a kewaye wurin ibadarta da mashaya. Wannan ma farashi ne, ko da ba a rubuta shi a littafin banki ba.

Baƙon Paralimni: Allah ya gafarta Malam, haka abin yake a zahiri. Gidan 'yan zuhudun yana tsakiyar dandalin, an gina shi wajen shekara ta 1500 lokacin mulkin mutanen Venis, cocinsa rabi a cikin kogon dutse yake. A ƙofarsa akwai ƙaton ɓaure, irin namu sak, ana cewa ya haura shekara 600. Ka fito daga inuwarsa taku kaɗan ka shiga layin gidajen rawa. 'Yan asalin garin da yawa sun koma unguwannin sama sun bar wa baƙi tsakiya. Hukumar garin ta yi shekaru tana ƙoƙarin wanke sunan. Ta gina gidan tarihin teku mai suna Thalassa, inda aka ajiye kwafin wani jirgin fatake na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa da aka tsamo daga teku kusa da garin Kyrenia. A 2021 aka nutsar da sassaƙe-sassaƙe 93 a ƙarƙashin ruwa don masu nutso su riƙa kallo. Sannan ga sabuwar tashar jiragen shaƙatawa ta attajirai a yammacin gari, da jarin hamshaƙin nan na Masar, Naguib Sawiris, da doguwar hasumiya mai murɗe.

Hajiya Turai: Ka ga ci gaba ke nan. Malam, na karɓi maganarka a kan tarbiyya, ba na jayayya da ita. Amma mafita ita ce a kawo baƙi masu mutunci da iyalai, irin su Maman Ilham, a rage 'yan maye. Abin da hukumar ke yi ke nan.

Baban Yawuri: Tashar attajiran, masunci yana da wurin ɗaure jirgi a ciki?

Baƙon Paralimni: Ba don shi aka yi ta ba Baba. Masunta suna tsohuwar tasha, wasu kuma a Potamos Liopetriou, wani ɗan mashigin ruwa da ke yamma. Idan Hajiya tana son yara su ga ainihin masunta, can za ta kai su da sassafe.

Injiniya Damagaram: Hajiya Turai, baƙo mai mutunci ma ruwa yake sha, kuma ya fi ɗan maye sha, domin otal ɗinsa ya fi girma. Nan ne ni tawa damuwar take. Wannan kusurwa ta Kubrus tana cikin mafi ƙarancin ruwan sama a tsibirin. Bayan Ayia Napa akwai ƙauyukan jar ƙasa, Sotira, Liopetri, Xylofagou, Frenaros, Avgorou, masu noman dankalin da ake kaiwa Ingila, Sotira kuma ta yi suna da gwaza. Da rijiyoyi suke ban ruwa, da famfunan da iska ke juyawa, har yanzu ana ganin ƙarafunansu a gonaki. Da injin ya zo aka ja ruwan ƙasa fiye da abin da sama ke mayarwa, ruwan teku ya kutso ta ƙarƙashi, rijiyoyi suka yi gishiri. Sai aka jawo bututu daga madatsar Kouris da ke kusa da Limasol, wadda aka gama a 1988. A 1997 aka buɗe masana'antar farko ta tace ruwan teku a Dhekelia. Duk da haka a farin 2008 sai da aka yi jigilar ruwan sha da jiragen ruwa daga Girka. Arewa kuma tun 2015 bututu ne ta ƙarƙashin teku yake kawo mata daga Turkiyya.

Yanzu ku haɗa lissafin. Baƙi suna zuwa ne a watannin da ko ɗigo ba ya sauka. Wanka sau biyu, wankin zannuwan gado da tawul, wurin ninkaya, ciyawar ado. Tace ruwan teku wuta yake ci, wutar Kubrus kuwa mafi yawanta da man da aka sayo daga waje ake samar da ita. Idan madatsu suka yi ƙasa, manomi ake fara rage wa kaso, ba otal ba. Masunci ya riga ya ja baya. Wanda nake jin tsoro a kansa yanzu shi ne mai dankali da mai gwaza.

Maman Ilham: Ni da na zo tambayar masauki, ga shi na samu karatu. Injiniya, to mu da za mu je laifi muke yi?

Injiniya Damagaram: A'a Hajiya. Zuwanku a Oktoba ma ya fi sauƙi a kansu, domin yana tsawaita wa ma'aikata lokacin aiki. Ku sauka a wurin 'yan gari, ku ci a ƙauyukan ciki, ku hana a riƙa canza muku tawul kullum.

Auwalu Ɗan Kasuwa: Yaya na Paralimni, don Allah ni tawa daban ce. Wani ejan a nan ya ce zai samo mini makaranta a Kubrus, in na sauka akwai aikin otal a wannan garin da kuke magana, ana biya da yuro. Ya ce in kawo rabin kuɗi.

Baƙon Paralimni: Ƙanena, kafin ka ba shi ko sisi, tambaye shi a wane filin jirgi za ka sauka. Idan ya ce za ka bi ta Istanbul ka sauka Ercan, arewa zai kai ka. Can lirar Turkiyya ake kashewa, haya kuma sau da yawa da fam ɗin Ingila ake yanka ta, kuma takardarka ba za ta tsallakar da kai Ayia Napa ba.

Ɗalibin Famagusta: Ka saurare shi Auwalu. Muna da yara a nan da aka yi wa wannan alkawarin, kuɗin makaranta ya ƙare, aiki babu, komawa gida kunya. Wasu suka biya 'yan fasa-ƙwauri suka ratsa layin da ya raba arewa da kudu da dare suka nemi mafaka a kudu.

Baƙon Paralimni: Su nake gani a nan. Sai sun yi watanni kafin a ba su izinin aiki, shi ma a ayyuka ƙididdigaggu: gona, shara, wanki, taimakon kicin. Kuma gwamnatin nan ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da take ɗauka lafiya lau ne, don haka yawancin buƙatun ƙin su ake yi. Ni da bizar karatu ta kudu na shigo ta Larnaka, doka ta ƙayyade mini awannin aiki, haya tana cinye kusan rabin abin da na samu, daga Nuwamba kuma sai in nemi aikin tonon dankali. Ko jiragen su ɗin da Baba yake tambaya, masu su tsofaffi ne, 'ya'yansu ba sa shiga, ma'aikatan da ke jan raga a manyan jiragen yawanci 'yan Masar ne. Idan karatu kake so da gaske, ka rubuta wa makarantar da kanka, ka tabbatar a wane ɓangare take, ka biya ta asusunta kai tsaye, kuma ka zo da kuɗin da zai riƙe ka shekara guda ba tare da ka dogara da otal ba.

Auwalu Ɗan Kasuwa: Na duba takardar da ya ba ni yanzu. Ercan aka rubuta.

Hajiya Turai: Kada ka ba shi komai ɗana. Turo mini hoton takardar ta akwatin sirri, ka haɗa ni da mahaifinka in yi masa bayani da kaina.